ALLURA TA TONO GARMA

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami gardama ce da ta tashi a ɗakin kwananmu tun farkon wannan zango, wadda har yau ba ta kwanta ba. Malaminmu na Tarihi ne ya jawo ta. Ran nan ya shigo aji da hoton waɗansu Turawa, maza da mata, kowa da hular kwano da 'yar fitila a goshi, sun yi buɗu-buɗu da farar ƙasa a bakin wani rami. Ya ce mana a ƙasar Ingila ne, suna neman hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da soja suka haƙa a bakin teku zamanin Yaƙin Hitila, daga baya aka binne su aka manta.

Da dare, bayan mun taso daga karatu, sai abokina wanda gadonsa ke dab da nawa ya ce, "Kai dai bari! Ƙoshi ne ya yi musu yawa. Mutum ya shekara da rabi yana tonon rami, ba ruwa zai tarar ba, ba kuza ba, ba zinariya ba? Da a garinmu ne, da tuni an kai shi wajen mai magani." Ɗaki ya ɗauki dariya. Ni kuwa na ce ban yarda ba, muka yi ta yi har shugaban ɗaki ya kashe fitila, ya ce duk wanda ya sāke tari zai kwana a tsaye. Tun da an hana ni ƙarasawa da baki, bari in ƙarasa a takarda. Ra'ayina shi ne, neman irin waɗannan ramuka aiki ne mai amfani ƙwarai, muddin dai wanda ke tonon ya san abin da ya kai shi.

Da farko bari in bayyana wurin. Kagara ita ce ginin yaƙi mai kauri inda ake girka igwa, ana tsaron gari ko mashigin ruwa. Mu nan ganuwa muka sani, domin abokin gābanmu na dā a kan doki yake zuwa. Mutanen bakin teku kuwa nasu a jirgin ruwa yake zuwa da manyan bindigogi, saboda haka sai su gina kagara a kan tudu, sa'an nan su haƙa hanyoyi da ɗakuna a ƙarƙashinta, inda za su ɓoye albarushi da abinci, su kuma fake in wuta ta yi wuta.

Garin Dover yana kudu maso gabashin Ingila, a kan waɗansu dogayen duwatsu na farin alli. Daga nan zuwa gaɓar Faransa mil 21 ne kacal, har in gari ya waye sarai ana hango ƙetare. A shekarar 1940 Jamus ta cinye Faransa, ta girka manyan igwa a wancan ƙetaren, ta riƙa jefo harsasai kan Dover. Firayim Ministan Ingila na lokacin, Mista Churchill, ya ba da umurni a kafa sababbin igwa a kan duwatsun nan. Ɗaya daga wuraren da aka zaɓa shi ne Fan Bay, inda aka girka igwa 3 masu bakin inci 6. Amma igwa ba ta harba kanta, tilas sai da mutane, mutanen nan kuwa suna bukatar inda za su kwana ba tare da bam ya tashe su ba. Sai aka kawo sojan injiniya masu haƙar rami. Suka fara a watan Nuwamba na 1940, kafin ƙarshen Fabrairu na 1941 sun gama, watau kwana 100 ke nan. Zurfin wurin ƙafa 75 ne, ana sauka ta matakala mai taki 125. Aka tokare rufin da baƙin ƙarfe irin na ramin kwal, aka lulluɓe da kwanon rufi, aka shirya wurin kwanan hafsoshi 4 da soja 185.

Yaƙi ya ƙare a 1945. A cikin shekarun 1950 aka kwashe igwa, soja suka tashi, wurin ya zama kango. Da aka shiga shekarun 1970 sai hukumar yankin ta ga waɗannan tsofaffin gine-ginen yaƙi suna ɓata kyan gani, ta sa aka rushe na sama, aka toshe bakin ramukan da ƙasa da ɓaraguzai. Ciyawa ta tsiro a kai. Mutane suka yi shekara wajen arba'in suna yawon shan iska a bisa, galibinsu ba su san abin da ke ƙarƙashin takalmansu ba.

To, a nan ne zan fara amsa wa abokina maganar kuɗi. A 2012 wata ƙungiya mai kula da tsofaffin wurare, sunanta National Trust, ta roƙi jama'a gudummawa don ta sayi wannan yanki na bakin teku, aka tara mata fam miliyan 1 da dubu 200. Filin ta saya. Ramin gyara ne ta samu a kai, kamar yadda mai sayen gero kan sami ƙari a bakin mudu. Da aka gano kafar shiga, mutum fiye da 50 suka ba da kansu aikin gayya, ba wanda ya biya su ko sisi. Tare da su akwai masana kayan tarihi da injiniyoyi da masana haƙar ma'adinai, masu duba ko rufin zai ɗauka. Wata 18 suka yi, suka fid da ƙasa da duwatsu tan 100 da hannu. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kwanon sarki ranar aikin gyaran filin wasa ya san abin da ake nufi da tan 100. A watan Yuli na 2015 aka buɗe wurin, baƙi suka fara biyan kuɗi suna shiga rukuni-rukuni, da ɗan jagora a gaba.

Me suka tarar? A wajen abokina, tarkace. Sun tarar da sunayen soja da zane-zane da 'yan maganganun barkwanci da aka kankara a jikin alli. Sun tarar da waya da wani ya lanƙwasa ya mai da ita maratayin riga. Akwai kwanson harsashi, akwai takardar cacar ƙwallon ƙafa ta watan Fabrairu na 1943. Akwai kuma wata allura da aka soke a jikin bango, da zarenta irin na kakin soja bai fita ba.

Allurar nan ita ta hana ni barci. Littafin Tarihinmu ya san Hitila, ya san Churchill, ya san ranar da aka fara yaƙi da ranar da aka gama, mu ma mun haddace don jarrabawa. Amma bai san wannan saurayi ba, wanda watakila shekara uku ko huɗu ya ba ni, yana zaune a bakin gado ƙafa 75 cikin ƙasa, yana ɗinke wandonsa a hasken ƙwan lantarki, ya soke allura a bango da nufin zai dawo kanta. Mu da ke makarantar kwana mun san wannan hali sarai. Wa bai taɓa ɓoye allura ko reza a tsagar bango ba don kada a are ta a ƙi mayarwa? Da na ji labarin allurar sai yaƙin ya tashi daga shafi na 90 ya zama abin da ya sami mutum irina.

Dalilin da abin ya taɓa ni kuwa, kakan babana ya je Yaƙin Bama. An ɗebi dubban samari daga Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, aka zuba su a Runduna ta 81 da ta 82, suka ƙetare teku suka yaƙi Japanawa a cikin kurmi. Ya dawo da ransa, ya yi noma har Allah ya karɓi abinsa, tun ba a haife ni ba. Allah ya jiƙansa. Ba wani littafi da na taɓa gani da sunansa. Abin da ya rage nasa wata adaka ce ta ƙarfe a ƙarƙashin gadon Baba, wadda ban taɓa ganin an buɗe ba. Talakan soja ba ya barin littafi. Ƙoƙon shayi yake bari, da maɓallin riga, da sunansa a bango. In ba a tona aka nemo waɗannan ba, to, shi ke nan, an binne shi sau biyu.

Ban da wannan, akwai ilmin da ake tsinta a hanya. A gangaren Fan Bay masu aikin sun tono waɗansu manyan faya-fayai guda 2 na kankare, masu lotsawa kamar akushi, suna fuskantar teku. Na farkon tun 1917 aka yi shi, zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Aikinsu tattara ƙara. Soja kan tsaya a gaba da wani ƙaho mai bututu zuwa kunnensa, yana sauraren rurin jirgin sama tun yana nesa bisa teku. Da jirage suka ƙara sauri, aka kuma ƙago na'urar rada a shekarun 1930, sai aka yi watsi da su. Malaminmu na Kimiyya ya yi mako biyu yana zana mana yadda sauti ke dukan abu ya dawo, muna hamma. Da a gaban akushin nan ya tsayar da mu, da minti biyar ya isa.

Amma fa kada a ce na ɓoye gaskiyar abokina, domin yana da ita. Akwai tonon da gara ba a yi ba. A birnin Manila na ƙasar Filifin akwai wata tsohuwar kagara, Fort Santiago, wadda Turawan Sifen suka kafa a bakin kogin Pasig tun ƙarni na 16. Wuri ne mai nauyi a zuciyar mutanen ƙasar. A nan aka tsare gwarzonsu José Rizal kafin a harbe shi a 1896, a nan kuma aka tarar da gawarwakin mutum kimanin 600 cikin kurkukun ƙasa a 1945, bayan an kori Japanawa. To, an daɗe ana raɗe-raɗin wai sojan Japan sun binne zinariyar da suka wawaso daga ƙasashen Asiya a cikin ramukan Filifin, har ana kiranta dukiyar Janar Yamashita. A 1988 waɗansu Amurkawa suka sami izinin gwamnati suka shiga haƙa a ƙarƙashin kagarar nan. A watan Fabrairu rami ya rufta ya kashe leburori 2 'yan ƙasa. Mutane suka yi ta Allah wadai, zinariya kuwa ba wanda ya gan ta. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Mai neman zinariya sauri yake yi, duk abin da digarsa ta tarar, in ba ya ƙyalli, sai ya watsar. Da irinsu ne suka shiga Fan Bay, da allurar nan ta bi kwandon shara tun ranar farko.

Haɗarin ma ba na wasa ba ne. Ramin da ya daɗe a toshe iskarsa kan ɓaci, mutum ya shiga lafiya lau, jiri ya ɗebe shi, ya faɗi bai ko yi ihu ba. Rufi kan rufta, a tsofaffin wuraren yaƙi kuma akan yi karo da harsashin da bai tashi ba. Saboda haka ina roƙon ƙannenmu 'yan aji ɗaya, kada wani ya karanta wannan ya ari tocila ya kutsa cikin kwalbatin da ke bayan ɗakin cin abinci, ya ce ni na aike shi. Ba abin da ke ciki sai kunama.

An ma sami hanyar leƙa ƙasa ba tare da an sa diga ba. A tsibirin Alcatraz na Amurka, wanda aka fi sani da gidan yari daga 1934 zuwa 1963, da can kagarar soja ce mai tsaron mashigin San Francisco. Masana suka riƙa tura wata na'ura mai kama da keken guragu a filin da fursunoni ke shan iska, tana aika igiyar rada cikin ƙasa tana karɓar amsa. A 2019 suka bayyana cewa sun ga wata hanya da aka gina da jan bulo tun shekarun 1860, har da kafofin shan iska, tana nan kwance dab da kankaren filin. Irin wannan na'ura kan yi wani amfanin kuma, watau ƙaryata tatsuniya. Kusan kowace tsohuwar kagara tana da labarin wata hanya wai mai bulla mil kaza. A garinmu ma ana cewa akwai ramin da wani sarki ya bi da dokinsa ya ɓulla bayan dutse, kowa ya ji daga kakarsa, ba wanda ya taɓa ganin bakinsa. In an auna aka ga babu, an huta da gardama.

Yanzu bari in zo kusa da gida, domin abokina ya ce duk wannan sha'anin Turawa ne, ina ruwan Bahaushe da teku. A gaɓar ƙasar Gana akwai kagaru birjik waɗanda Turawan Fotugal da Holan da Ingila da Denmak suka gina, tun 1979 aka sa su cikin wuraren tarihi na duniya. Ɗaya daga ciki tana unguwar Osu a birnin Akra, wanda tsofaffinmu ke kira Ankara. Turawan Denmak suka gina ta a 1661, suka sa mata suna Christiansborg, Ingilishi suka saye ta a 1850, daga baya ta zama fadar gwamnatin Gana har zuwa 2013. Igwan da ke kanta don tsaron ciniki aka girka su, babban cinikin kuwa na mutane ne. Jiragen Denmak kaɗai sun kwashi 'yan Afirka kimanin 100,000 zuwa ƙetaren teku kafin dokar ƙasarsu ta hana a 1803.

Muddin shugaban ƙasa na zaune a ciki, wa zai zo da shebur? Sai a 2014 wata masaniyar tarihi 'yar Gana, Rachel Engmann, ta fara tono a harabar. Abin mamaki, ita kanta jikar jikokin wani gwamnan kagarar ce, Carl Gustav Engmann, wanda ya yi mulki a shekarun 1750 ya kuma auri 'yar garin Osu. Ta ɗauki mutanen unguwa aiki, waɗanda da yawansu su ma zuriyar masu wancan ciniki ne. Suka tono dubban kayayyaki, da lofe, da duwatsun wuya, da kwalabe, da kuɗin wuri. Suka kuma gano bakin wata hanya a ƙarƙashin ginin, wadda suka ce ta nufi gidan Richter da ke kusa, gidan wani attajiri mai fataucin bayi. Amfaninta a fili yake. Ana kora mutane ta cikin duhu daga gidan ɗan kasuwa zuwa kagara, daga nan sai jirgi, ba mai gudu, ba mai ƙwace su a hanya, ba kuma idon da zai gani. A kagarar Cape Coast ma akwai irin wannan hanya daga kurkukun maza zuwa ƙofar teku, an toshe ta da gini bayan an hana cinikin.

Ina ruwanmu? Da ruwanmu har da tsaki. Fatakenmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja. Suna kai kanwa da fatu da tufafi kasuwar Salaga su sayo goro, kuma cikin abin da ake kaiwa kasuwar nan har da bayi. Daga ƙasashen arewacin Gana ana gangarawa da mutane zuwa hannun Ashanti, daga nan waɗansu su ƙare a bakin teku. Ashe ke nan in ana lissafin waɗanda aka sayar da waɗanda suka sayar, ba za mu nade hannu mu ce mu 'yan kallo ne ba. Na san wannan magana ba ta da daɗin ji, watakila wani uba ya ce yaron nan ya cika baki. Ina neman gafara. Amma ita wannan baiwar Allah da ta san sunan kakanta na cikin masu laifin, ba ta ce a bar kaza cikin gashinta ba. Ta ɗauki shebur da kanta.

A ganina wannan ne ainihin abin da ke sa mutane ƙin a tona, ko da bakinsu na cewa kuɗi ne ko haɗari. Hausawa kan ce kada allura ta tono garma. A Dover an binne rami don ya ɓata kyan gani, da aka tono shi kowa ya yi murna, domin labarin jaruntakarsu ne. A Osu kuwa abin da ke ƙarƙashin ƙasa abin kunya ne ga Bature, abin kunya ne ga baƙin da ya kai masa haja. Waɗanda suka bi ta hanyar nan ba su bar ko allura da sunansu ba, ba a rubuta garinsu ba, ba a san inda kabarinsu yake ba. Hanyar ita kaɗai ce shaidar sun wuce. In an ce a bar ta a toshe don kada ran wani ya ɓaci, to, an zaɓi jin daɗin mai rai a kan haƙƙin wanda aka zalunta, ni kuwa ban ga adalci a nan ba.

Na karanta wa abokina wannan takarda kafin in miƙa wa Malamin Hausa. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "To, na ji. Na Osu na yarda a tona. Amma na Ingila har gobe ƙoshi ne. In mun gama makaranta kai ka tafi neman allura, ni rijiya zan haƙa wa ƙauyenmu." Na ce masa Allah ya ba da sa'a, in ya tarar da tsohuwar tukunya a taki na goma kada ya fasa, ya aiko mini.

Ni dai na riga na aika wa Baba saƙo ina roƙon ya ba ni mabuɗin adakar nan in mun zo hutu. Amsa ta zo ranar Lahadi ta bakin yayana da ya kawo mini ziyara. Baba ya ce ya ji, amma sai ya ga abin da na ci a Lissafi tukuna.